Fentin Jirgi a Ɗakin Inna

Iskandariya, 3 ga Oktoba, 1984

Zuwa ga ƙanina Mirgani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda ta same ku lafiya, kai da Inna da yara da mahaifiyarsu. Mu nan sai godiya. Maigidana Abdun yana gaishe ka, ya ce yaya kogi, yaya jirgi.

Shekaranjiya Goggo Fana ta sauka wurin ɗanta a nan garin, na je gaishe ta. Ko shayin da aka zuba mini ban kurɓa ba ta ce, "Nabra, kin ga ɗakin uwarki kuwa? Ai yanzu sai da hannu a goshi ake shiga. Rawaya ce tun daga ƙasa har rufi, kamar an fasa ƙwai ɗari a bango." Matan da ke wurin suka yi dariya. Ni ma na yi, don kada a gane ban sani ba. Sai ta ƙara da cewa, "Matar ƙanin nan naki Sittana ai ta fi 'ya. Da kanta ta hau tsani." Wannan ce ta tsaya mini a rai har na dawo gida.

Mirgani, ɗakin nan ni da Inna muka shafe shi da farar ƙasa da bula, mako biyu kafin bikina. Kai kana can bakin kogi lokacin, ba ka sani ba. Kwana uku muka yi, marigayi Baba yana zaune a ƙofa yana yi mana tsiya wai mun fi shafa wa kanmu fiye da bangon. Duk shekara in aka sabunta shi, shuɗin nan dai ake mayarwa, don Inna ta ce shi ke sanyaya mata rai da rana tsaka. To me ya faru bana? Wa ya ce a canza? An nemi shawarar wa?

Ban ce matarka ba ta da iko a gidan mijinta ba. Ga ɗakinta, ga madafa, ga zaure, ta shafa musu abin da ta ga dama. Amma ɗakin Inna yana da 'ya, kuma 'yar tana da rai.

Ka rubuto mini gaskiya. Ka gaida Inna, ka sumbaci hannunta a madadina.

Yayarka,
Nabra

*

Gaɓar yamma, Aswan, 14 ga Oktoba

Yaya Nabra,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, mun gode. Kowa lafiya. Inna tana gaishe ki da Abdun, ta ce Allah Ya ba ku zaman lafiya.

Maganar fenti ba wata magana ba ce, Yaya. Kin san Goggo Fana, in ta ga tsinke sai ta ce gungume ne. Na yi wa jirgina sabon fenti kafin baƙi masu yawon kogi su fara zuwa, don a riƙa hango shi daga ɗaya gaɓar. Gwangwani uku suka yi saura. Sittana ta ce maimakon su bushe gara a shafa a ɗakin Inna. Inna ta yarda. Iyakar abin ke nan.

Kuma wallahi ɗakin ya yi kyau. Inna ta fi zama a cikinsa yanzu fiye da da. Da safe Sittana ke kai mata shayi da madara, su zauna nan suna hira har rana ta ɗaga. Ita ke taje mata kai, ita ke fitar mata da kayan sawa, don Inna ta ba ta makullin akwatinta tun bara. Ki kwantar da hankalinki, tana hannun da ya san ta.

Fayafayan da ke rataye a bango an sauke su saboda aikin, an adana su. Babu wanda ya lalace.

Ruwa ya ɗan ja baya, iska tana da kyau. Babu wani labari. Ki yi haƙuri da gajeriyar takarda, kin san ni da alƙalami ba mu cika shiri ba.

Ƙaninki,
Mirgani

*

Iskandariya, 25 ga Oktoba

Mirgani,

Salamu alaikum. Ina gaida Inna.

Ka ce in kwantar da hankalina, sai ka jero mini abubuwan da za su tayar da shi. Fentin jirgi. Uwar da ta haife mu tana kwana a cikin ragowar fentin jirgi, kai kuma kana rubuta mini cewa ya yi kyau.

Makullin akwatin nan, shekarata ashirin da biyu a gidan ban taɓa riƙe shi ba. A wuyanta yake kwana. Ranar da zan tafi gidan miji ma da hannunta ta buɗe ta ciro mini 'yan kunne, ta mayar ta kulle. Yau ga shi a hannun wadda ta shigo gidan da ƙafa jiya jiya. Kai ba ka ga komai a ciki ba, don kai namiji ne, in an ba ka miyar lalo da gurasa mai zafi shi ke nan duniya ta zauna daidai.

Fayafayan da ka ce an adana, bakwai daga ciki ni na saƙa su, Inna tana gyara mini hannu. An adana su a ina? A ƙarƙashin gado? In bangon ya bushe me ya hana a mayar? Ko kuwa ba su dace da sabon launi ba ne, kamar yadda mai saƙarsu ba ta dace ba?

Akwai wani abin kuma. Duk kaka Inna takan aiko mini da dabino da sabon faifai guda na saƙar hannunta. Bana dabino ya zo, faifai bai zo ba. Na ce ƙila mantuwa ce. Yanzu na gane. Wanda yake kusa da tukunya shi ake fara zuba wa.

Ga ƙunshin bula nan guda huɗu na ba direban da ya kawo dabinon. A nemo farar ƙasa a mayar da ɗakin yadda yake. In matarka ta gaji da hawan tsani, a samo wani ya hau. Ban roƙe ka komai ba tun da na bar gida, wannan kaɗai nake roƙo.

Nabra

*

Gaɓar yamma, 6 ga Nuwamba

Yaya Nabra,

Sallama da gaisuwa. Ni ce Sittana. Mirgani ya karanta takardarki ya ninke ya sa a aljihu, ya yi kwana uku yana yawo da ita kamar laya. Na san ba zai amsa ba, don Inna ta sa shi ya rantse. Ni ba ta sa ni ba, ta ɗauka ba zan yi ƙarfin halin rubuto miki ba.

Yaya, idon Inna yana tafiya.

Tun bara abin ya fara, ta ɓoye. Na fara lura ne da ta riƙa zuba shayi a gefen kofi. Sannan ta ƙona hannu a bakin tanderu. Faifan da kike cigiya ta fara shi, ta kai rabi, launukan suka cakuɗe mata, ta tura shi bayan gado ta ce yatsunta ke ciwo. Makulli kuwa ta ba ni ne don ba ta iya samun ramin kwaɗon. A watan Agusta ta tashi za ta fita alwala, ta yi karo da bakin ƙofa ta faɗi, goshinta ya fashe. A ɗakin nan mai shuɗi bango da ƙofa da gado duk sun zame mata abu ɗaya.

Muka kai ta wurin likitan ido a Aswan. Ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai dai a riƙe sauran da maganin ɗigawa. Da muka dawo bakin ruwa za mu haye, jirage sun fi ashirin a jere, ina riƙe da hannunta. Sai ta tsaya cak ta nuna ta ce, "Wancan na gan shi. Na waye?" Na ce, "Na ɗanki ne, Inna, jiya ya gama shafa shi." Ta ce, "Kai, ja'irin yaro, ya mai da jirgi gwaiduwar ƙwai." Tana dariya hawaye na zuba.

Washegari na ɗauki tsani. Kwana huɗu na yi, warinsa ya hana ni cin abinci. Bango rawaya, bakin ƙofa da taga da ƙafafun gado na bi su da baƙi. Ranar da ya bushe na shigo da ita na saki hannunta. Ta juya a hankali ta ce, "Ashe ɗakin nan har yanzu yana da kusurwa huɗu." Ta taka da ƙafarta har gado ba ta dafa komai ba. Fayafayan kuwa ita ta ce a bar su a sauke, suna rikita mata ido. Suna cikin akwatin, naki a sama.

Ta hana a gaya miki. Ta ce, "Nabra tana gidanta mai bene da baranda, kada wanda ya ɗaga mata hankali."

Yanzu ki bar ni in faɗi nawa, tunda kin faɗi naki. Kin ce na shigo jiya jiya. Shekara tara ke nan, Yaya. Ni ke ɗiga mata magani sau uku a rana. Ni ke yanke mata farce. Amma in tana son ruwa sai in ji, "Nabra, miƙo mini." In na yi miya ta ɗanɗana ta ce, "Ta yi daɗi, sai dai Nabra ba ta cika tafarnuwa haka." Hotonki da kika aiko, kina tsaye a baranda teku a bayanki, ba ta ganinsa yanzu, amma kullum sai ta shafe shi da bakin mayafinta. Ni da na haifa mata jikoki uku ko sau ɗaya ba ta taɓa shafa fuskata haka ba. Ke kina can kina shan iskar teku kina jin haushina a kan makulli. Ki zo ki karɓi makullin, ki ba ni abin da ke hannunki.

Bular da kika aiko ta iso. Na sa a wankin fararen rigunan Mirgani, sun yi haske sosai.

In na yi rashin kunya ki yafe.

Matar ƙaninki,
Sittana

*

Iskandariya, 18 ga Nuwamba

Sittana,

Amin wa alaikis salam. Na karanta takardarki sau uku. Na farko a tsaye, sauran biyun a zaune a ƙasa.

Na san abin da ya kamata in rubuta. In ce na gode, Allah Ya saka miki, in ce ki yafe mini. Duk gaskiya ne, kuma na faɗe su a raina. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, abin da ya fara zuwa mini ba godiya ba ne. Cewa na yi: ita ce ta riƙe hannunta a wurin likita. Ita ta ji maganar jirgin. Ita ta ga ranar da ta taka zuwa gado. Ni kuwa a bakin Goggo Fana na ji, a tsakiyar mata ana dariya. Uwata tana makancewa shekara guda, duk ƙauye ya sani, har direban dabino ƙila ya sani, ban da ni. Kin ce tana kiran sunana. Sunan ne kawai nawa, Sittana. Hannun da ke miƙa ruwan naki ne.

Kin ce in ba ki abin da ke hannuna. To ga shi.

Barandar nan ba tamu ba ce. Ta gidan da Abdun yake wa girki ce a da, ranar da masu gidan suka yi tafiya muka ɗauki hoton. Shekara biyar ke nan da suka bar ƙasar. Tun daga nan Abdun maigadi ne a wani dogon bene, mu kuma muna zaune a ɗakin da ke ƙarƙashin matakala. Ba shi da taga. Da rana tsaka sai an kunna fitila. Bangon yana gumi, gishiri yana fitowa a jikinsa kamar ƙurajen fata. Ni ke wanke matakalar, hawa bakwai, ranar Asabar da Talata. Tekun da kika gani a bayana sai in yi wata biyu ban gan shi ba.

Bara na roƙi matar mai benen ta bar ni in shafa wa ɗakin ko da farar ƙasa ce. Ta dube ni ta ce, "Wurin ajiya ne, ba ɗakin amarya ba. Kada ki ɓata mana bango." Na ce to.

Saboda haka da Goggo Fana ta ce rawaya har rufi, abin da na hango ke ce a kan tsani, rana tana shigowa ta tagar da ke kallon kogi, kina shafa launin da kika ga dama a gidan da aka haife ni, Inna tana ƙasa tana riƙe miki gwangwani. Ban yi barcin kirki ba tun daga ranar. Ni na fi ki iya shafe. Duk layinmu an san hannuna, har gidajen biki ake kira na. Yau shekara goma sha ɗaya ban riƙe buroshi ba sai na wanke matakala.

Shi ya sa shekara biyar ban zo ba. A takarda ina iya yi wa Inna ƙarya. A gabanta ba zan iya ba.

Kada ki gaya mata. Kada ki gaya wa Mirgani, Abdun ba zai iya haɗa ido da shi ba. Ban san dalilin da ya sa ke na gaya wa ba, alhali har yanzu in na tuna ki da makullin nan a wuya sai ƙirjina ya yi zafi.

Ki ɗiga mata maganin a kan lokaci. Na san kina yi.

Nabra

*

Gaɓar yamma, 1 ga Disamba

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban gaya wa kowa ba, Allah ne shaida. Amma ki ji yadda aka yi.

Ina karanta takardarki a ɗakin Inna bayan ta sha shayi, na ɗauka gyangyaɗi take. Sai ta ce, "Me Nabra ta ce?" Na ce, "Gaisuwa ce, Inna." Ta ce, "Na ji kin juya shafi uku. Gaisuwar ta kai har kan awaki ke nan." Na ninke takardar. Ta jima tana murza carbi, sannan ta ce, "Har yanzu a ƙarƙashin matakalar suke?"

Na ce, "Inna, wa ya gaya miki?"

Ta sani, Yaya, shekara huɗu ke nan. Ƙaninta Kawu Siyam ya je Iskandariya neman magani kafin rasuwarsa, ya yi ta tambaya har ya gano benen. Ya hango ki daga titi kin durƙusa da bokiti, sai ya juya bai shiga ba. Ita kaɗai ya gaya wa. Na ce, "Inna, to me ya sa kike ce mana gida mai baranda?" Ta ce, "Yarinya ta rufa wa kanta asiri, ni uwarta ce zan yaye mata zane? In ta ce baranda, baranda ce." Na ce me ya sa ba ta kira ki gida ba. Ta ce, "In na kira ta za ta zo da kunya. Na fi so ta zo da ƙafarta."

Na fita tsakar gida na tsaya. Ni da nake ganin babu abin da ke cikin akwatin matar nan da ban sani ba. Shekara huɗu ina kwana ina tashi da ita, ina taje mata kai, tana riƙe da sirrinki ko alama ban gani ba. Kin ce suna ne kawai naki. Ki sake lissafi.

Ga abin da ya fi wannan muhimmanci. Mun koma wurin likita ranar Laraba. Idon hagu ya rufe gaba ɗaya. Na dama ya ce ƙila ya kai lokacin zafi, ƙila ba zai kai ba. A waje ba ta gane kowa sai da murya. Amma a ɗakinta, in mutum ya sa kaya masu duhu ya tsaya a jikin bango, tana ganin tsayinsa da yadda yake riƙe kai. Haka take rarrabe jikokinta yanzu, tana jera su a bango tana kiran suna.

Ba na son ki zo, in gaya miki gaskiya. Na san ranar da kika shigo ni na koma mai wanke kofi. Amma ki zo. Babu wanda zai tambaye ki tsaraba, wanda ya tambaya ki turo mini shi.

Saura gwangwani ɗaya. Lungun da ke bi daga ɗakinta zuwa wurin alwala har yanzu shuɗi ne, nan take yawan tuntuɓe. Na ce zan shafe shi mako mai zuwa in bayana ya sake ni.

Taki,
Sittana

*

Iskandariya, 11 ga Disamba

Sittana,

Salamu alaikum. Abdun ya yanko mini tikiti. Jirgin ƙasa zai iso Aswan ranar Alhamis ta sama da hantsi. Ki ce wa Mirgani ya jira ni a bakin ruwa.

Kada ki taɓa lungun nan. Ki rufe gwangwanin da kyau kada ya bushe.

Kwana goma sha biyu gare ni. A cikinsu ni zan kai shayin safe, ni zan ɗiga magani, ki nuna mini sau ɗaya kawai. Sauran shekarar taki ce, ba zan yi miki gardama ba.

Kada ki gaya wa Inna ranar. Ina da baƙar riga. Zan shiga in tsaya a jikin bangon naki in yi shiru, ke kuma ki tsaya a waje. Ina so in ga ko za ta gane ni ba tare da kin gaya mata ba.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayarki,
Nabra